Cibiya ɗaya, zobe da yawa: Labarin kalmar "concentric" daga tsinin kamfas zuwa allon wayarka

Ɗaga wayarka ka dubi can sama, kusa da alamar caji. Idan kana kan Wi-Fi za ka ga ɗigo ɗaya a ƙasa, wasu lanƙwasassun layuka sun hau kansa, kowanne ya fi na ƙasansa faɗi. Da za a ƙarasa zana layukan nan har su rufe, da'irori za ka samu, ɗaya cikin ɗaya, kuma ɗigon nan shi ne tsakiyar kowaccensu. Turawa suna da kalma guda da ke ɗauke da duk wannan bayanin: "concentric", ana furta ta kamar konsentirik.

Da yawanmu mun haɗu da ita a ajin lissafi na sakandare, muka haddace ta saboda jarrabawa, muna fita daga zauren WAEC muka bar ta a ƙofa. Amma kalmar ta yi tafiyar da ta fi shekara dubu biyu kafin ta iso littafin lissafinmu. Ta fara a hannun makiyayi, ta bi ta wajen masu kallon taurari, ta shiga ofishin ministan harkokin waje a Legas, yanzu kuma tana da abin cewa kan tambayar da ke jefa matasa cikin rigima kullum a soshiyal midiya: wa ya kamata ya ga me?

Ma'anarta a sauƙaƙe

Siffofi biyu ko fiye ana ce musu konsentirik idan tsakiyarsu ɗaya ce. Shi ke nan. Girmansu bai dame mu ba, launinsu bai dame mu ba. Ba ma dole sai da'ira ba: murabba'i zai iya zama a cikin da'ira su haɗa tsakiya, ƙwallo ma zai iya zama a cikin ƙwallo.

Yanka albasa ta kwance ka ga zobunanta. Jefa tsakuwa a kududdufi ka kalli yadda ruwan ke buɗewa daga inda ta faɗa. Dubi kututturen bishiyar da aka sare. Ko kuma hoton da kowane Musulmi ya sani, na sahun masallata a Harami da aka ɗauka daga sama, sahu bayan sahu, Ka'aba a tsakiya.

Inda mutane ke rikicewa shi ne ɗaukar cewa duk abin da ke cikin wani abu ya cika sharaɗin. A'a. Ƙwan da mai shayi ya fasa a kasko, kwaiduwar ta gangara gefe, tana cikin farin amma ba su haɗa tsakiya ba. Zobuna biyar na tambarin gasar Olamfik sarƙe suke da juna, kowanne da tasa tsakiyar. Akwai kuma wanda ya fi yaudarar ido: faifan da iyayenmu mata ke rufe ƙwarya da shi. Daga nesa sai ka rantse zobuna ne jere, musamman idan an yi masa ado da launi. Matsa kusa ka bi saƙar da yatsa, za ka tarar layi ɗaya ne tak ya taso daga tsakiya yana naɗewa yana faɗaɗa, kamar maganin sauro na hayaƙi. Wannan naɗi ne, ba zobuna ba. Abin sha'awa, faifan garmaho da faifan CD da suka ari sunansa su ma haka suke: waƙar tana kan layi ɗaya mai naɗewa. A da'irori masu tsakiya ɗaya kuwa kowane zobe rufe yake, ba ya taɓa na kusa da shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu daidai take ta ko'ina. Riƙe wannan batun na rashin taɓawa, za mu dawo kansa.

Sandan makiyayi ne asalinta

Kalmar gida biyu ce. "Con" daga Latin take, tana nufin tare. Sauran kuma daga "centrum", wato tsakiya. To amma su ma Rumawa aro suka yi. Asalin kalmar ta Girkanci ce, "kentron", kuma a farko ba ta da wata alaƙa da lissafi. Kentron sanda ce mai tsini da ake tsikarar shanu ko dawakai da ita su yi gaba. Da ita kuma suke kiran abin harbin zuma. Tushenta aikatau ne mai ma'anar sokawa.

Ta yaya tsinin sanda ya koma tsakiyar da'ira? Tuna akwatin kayan lissafinka. Kamfas ƙafa biyu gare shi: ɗaya riƙe da fensir tana yawo, ɗaya mai tsini ta soki takarda ta tsaya cak. Masana lissafin Girka sun kira wannan ƙafar mai tsini kentron, daga nan sunan ya sauka kan ɗan ramin da take bari a takarda. Wato duk lokacin da Bature ya ce "centre", ko na kasuwanci ko na tsakiyar filin ƙwallo, wurin da allura ta soka yake faɗa bai sani ba. Harafin "c" ma a tsohon Latin da sautin "k" ake furta shi. Daga baya ne ya yi laushi ya koma "s" a bakin Faransawa da Ingilishi.

Saboda haka fassarar konsentirik ta asali tana kusa da "waɗanda aka soka a wuri ɗaya". Ka kafa tsinin kamfas sau ɗaya, kada ka ɗaga, ka riƙa buɗe ƙafar fensir kana zagayawa.

Larabci ma ta wannan hanyar ya bi. "Markaz", wadda muke ji a sunayen makarantu da cibiyoyin addini, daga "rakaza" take, kafa mashi ko sanda a ƙasa. Indiyawa kuwa kai tsaye suka ɗauki kalmar Girkancin ta hanyar ilimin taurari, ta zama "kendra" a Sanskirit, har yau kuma tana nan a Hindi.

Bahaushe dai bai bi ta kan mashi ba, jikinsa ya duba. Ya ce cibiya. Ni a ganina tamu ta fi daɗi, don tsini rauni yake bari, cibiya kuwa alamar inda aka ciyar da kai ce tun kafin ka san kanka. Shi ya sa idan ana maganar asalin mutum ake cewa can aka binne cibiyarsa. Idan da ni za a tambaya yadda za a faɗi konsentirik a aji da Hausa, "masu cibiya ɗaya" zan zaɓa. Yaro ɗan aji uku zai gane ba sai an zana masa ba.

Rigimar da aka yi a sararin sama

A Latin na tsakiyar zamani aka haɗa gidajen biyu aka samu "concentricus", kuma masu ilimin taurari ne suka fi buƙatar ta. Cikin rubuce-rubucen farko da kalmar ta bayyana da Ingilishi akwai wani ɗan littafi da mawaƙin Ingila Geoffrey Chaucer ya rubuta wajajen 1391. Ya rubuta shi ne don wani yaro ɗan shekara 10 mai suna Lewis, yana koya masa aiki da na'urar tagulla ta auna taurari da lokaci, wadda Larabawa ke kira usɗurlab. Da Ingilishi ya rubuta saboda Latin ɗin yaron bai yi ƙarfi ba, kuma ya dogara da fassarar wani littafi da ake jinginawa Masha'allah, masanin taurari na zamanin Abbasiyawa.

Me ya sa masu taurari suka damu da kalmar? Domin tsawon ƙarnuka a kanta ake faɗa. A ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani Bagirke mai suna Yudoksas ya ce sama ƙwallaye ne 27, ɗaya cikin ɗaya, duk suna juyawa, duniyarmu kuma ita ce cibiyarsu. Aristotal ya karɓi tsarin ya ƙara su zuwa 55. Tsari ne mai kyan gani, sai dai sama ta ƙi ba da haɗin kai. Idan da gaske komai cibiyarsa ɗaya da duniya, to nisan kowane tauraro daga gare mu bai kamata ya canza ba. Amma ga Zara, matar wata, wani lokaci haskenta kamar fitila, wani lokaci ya ragu. Ga kuma lokutan shekara huɗu da aka ƙirga kwanakinsu aka ga ba daidai suke ba.

Maganin da aka kawo shi ne a gusar da cibiyar gefe kaɗan. Aka kira irin wannan da'irar "ekkentros", wadda ta fita daga cibiya, kuma Batlamus na Iskandariyya ya gina babban littafinsa na taurari a kan irin waɗannan dabaru a ƙarni na 2 Miladiyya. Lissafin ya yi aiki, amma ba kowa ya gamsu ba. A Andalus ta ƙarni na 12, Ibn Rushd da al-Bitruji sun ga cewa wannan dabara ce kawai ta masu lissafi, suka nemi a koma wa ƙwallaye masu cibiya ɗaya. Sai a 1609 Johannes Kepler ya nuna cewa hanyar duniyar Mars ba ma da'ira ba ce, ta fi kama da da'irar da aka ɗan matse.

Daga wannan rigimar Ingilishi ya samu "eccentric", kishiyar kalmarmu. A ƙarni na 17 aka fara jifan mutane da ita, wato bauɗaɗɗen mutum wanda ba ya juyawa inda kowa ke juyawa. Kuma tana cikin aljihunka: a wayoyi da yawa, musamman masu sauƙin kuɗi, abin da ke sa su yi kakkarwa idan kira ya shigo ɗan ƙaramin inji ne da aka ɗaura wa nauyi a gefe guda da gangan. Da nauyin yana daidai cibiya, shiru za ka ji.

Akwai wata 'yar'uwarsu da malamai ke yi mana ihu da ita a aji, "concentrate". Tushe ɗaya ne: tara abu a cibiya ɗaya. Mu ma ai haka muke cewa, tattara hankalinka wuri ɗaya.

Abin da zoben waje ke biya

Ka taɓa lura a tseren mita 400 ba a jera 'yan gudu a layi ɗaya? Na layin waje yana can gaba kamar an yi masa alfarma. Ba alfarma ba ce. Kwanonin filin rabin da'irori ne masu cibiya ɗaya, faɗin kowane layi mita 1.22, don haka duk layin da ka matsa waje zagayenka yana ƙaruwa da mita bakwai da wani abu. Mai layi na takwas yana farawa sama da mita 50 gaban mai layi na ɗaya, kuma duk nisa ɗaya za su gudu. Alhazan da suka yi ɗawafi a saman bene sun san wannan da ƙafafunsu: zagaye bakwai ne ga kowa, amma na nesa da Ka'aba ya fi tafiya.

Ga wata da za ka iya cin caca da ita a majalisa, ba ta kuɗi ba dai. A ce an ɗaura igiya ta zagaye duniya a ƙugunta, kusan kilomita 40,000. Ana so a ɗaga ta sama da mita ɗaya ta ko'ina. Igiya nawa za a ƙaro? Mutane sukan ce dubban kilomita. Amsar mita 6.28 ce kacal. Kuma da ƙwallon ƙafa aka zagaye, amsar ba za ta canza ba, don tazarar da ke tsakanin zobunan kawai lissafin ya sani, girman abin da ke ciki bai shafe shi ba.

Daga takarda zuwa mutane

Siffar ta daɗe da fita daga lissafi, saboda tana faɗar abu biyu a lokaci guda: ga abin da ya fi muhimmanci, ga kuma nisan kowa daga gare shi. Lokacin da Halifa Abu Ja'afar al-Mansur ya kafa Bagadaza a 762, zagayayyen birni ya gina, ganuwa cikin ganuwa, ƙofofi huɗu, fadarsa da masallaci a tsakiya. Ba sai an gaya wa baƙo wane ne mai gari ba.

Ɗaliban kimiyyar siyasa a Najeriya kuwa sun san ta da Farfesa Ibrahim Gambari, ministan harkokin waje daga 1984 zuwa 1985. Da sunansa aka fi danganta tsarin kallon manufofin ƙasar na waje a matsayin zobuna masu cibiya ɗaya: a ciki tsaro da muradun Najeriya tare da maƙwabtanta na jiki, Nijar, Chadi, Kamaru da Benin, sai Afirka ta Yamma, sai nahiyar baki ɗaya, sannan sauran duniya. Ma'ana, abin da ya faru a Maraɗi ya fi kusa da mu fiye da abin da ya faru a Landan, ko da na Landan ne ya cika labarai.

Mu 'yan sashen koyon aikin jarida ma muna da namu. A 1974 wasu malamai uku a Amurka, Hiebert, Ungurait da Bohn, suka kwatanta yaɗa labari da jefa tsakuwa a ruwa. Saƙo yana tsakiya, yana ratsa zobe bayan zobe, masu tace labari, kafar yaɗawa, hukumomin sa ido, kafin ya kai ga jama'a. Tsarin ya dace da zamanin rediyo da jarida, lokacin da tsakuwa ɗaya ce kuma an san mai jefa ta. Yau duk wanda ya danna turawa ya jefa tasa tsakuwar, ruwan ya zama kamar kududdufi ana ruwan sama. Shi ya sa a 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci ɗaya, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya tak.

Amini, aboki, idon sani, sanin shanu

Wanda ya fi shafarmu kai tsaye shi ne aikin Robin Dunbar, masanin halayyar ɗan'adam na Jami'ar Oxford. A farkon shekarun 1990 ya kawo hujjar cewa mutum ba ya iya riƙe dangantaka mai ma'ana da mutane fiye da kimanin 150. Daga baya ya nuna cewa su ma ɗin a zobuna suke: kusan 5 da za ka kira da ƙarfe biyun dare, 15 na kusa, 50 da za ka gayyata walima, sannan 150. Kowane zobe ya ninka na cikinsa kamar sau uku. A binciken da ya wallafa a 2016 kan masu amfani da Facebook a Birtaniya, matsakaicin mutum yana da abokai kusan 150 a shafinsa, amma waɗanda ya ce zai iya dogara da su in ta ɓaci kusan huɗu ne. Ba duka masana suka yarda da lambar 150 ba. Wasu masu bincike a Jami'ar Stockholm sun ƙalubalance ta a 2021. Amma batun zobunan kansa, ai Hausa ta riga Oxford. Muna da amini, muna da aboki, muna da idon sani, muna da wanda aka yi wa sanin shanu. Ba wanda ke gaya wa na huɗu abin da yake gaya wa na farko.

To a nan matsalar take. Facebook ya ba ka gurbin mutum 5,000, duk ya kira su abokai. Zobuna huɗu sun narke sun koma ɗaya. Barkwancin da ka yi don abokan ɗakinku na hostel, kawunka na gani, malaminka na gani, wanda zai ɗauke ka aiki nan da shekara uku zai iya tono shi, haka dangin wanda ke neman aurenki. Maganar ba ta canza ba, masu sauraro ne suka cakuɗe. Masu binciken sadarwa irin su danah boyd da Alice Marwick sun yi rubutu a kan wannan rushewar shinge tun wajajen 2011, kuma duk wanda ya taɓa ganin hoton hirarsa ta sirri yana yawo a guruf bai buƙatar a fassara masa.

Kamfanonin sun san da haka, kuma sun yi ta ƙoƙarin sayar mana da zobunan da suka rushe. Google+ ya zo a 2011 da tsarin jera mutane cikin da'irori, aka rufe shi a 2019. Instagram ya kawo jerin abokai na kusa a 2018, mai koren zoben nan, shi kam yana nan. WhatsApp yana ba ka damar zaɓar wanda zai ga sitatus ɗinka, duk da yawancinmu sai bayan an kai ƙararmu gida muke tuna akwai wannan maɓallin.

Sai dai a tuna abin da muka ce a riƙe. A lissafi, zobuna masu cibiya ɗaya ba sa taɓa juna har abada; wannan tabbas ne, ana iya kafa hujjarsa a allo. A waya kuwa shingen da ke tsakanin zobe da zobe alƙawari ne kawai, na kamfani da na mutanen da ka saka a ciki. Mutum ɗaya cikin goma sha biyar ɗinka ya ɗauki hoton allo, zoben ciki ya zube a na waje. Sannan akwai tambayar wane ne ma a cibiyar. A jerin Dunbar kai ne. A shafin da manhaja ke jera maka bidiyo kuwa, na'ura ce ke zaɓar abin da zai zo kusa da idonka bisa abin da zai riƙe ka, shi ya sa za ka san abin da wani baƙo a Dubai ya ci da safe, ba ka san amininka yana kwance asibiti ba.

Shi ma alƙawarin kamfanin yakan karye. A watan Agustan 2022 Twitter ya buɗe wa kowa wani tsari mai suna Circle, inda za ka zaɓi mutanen da su kaɗai za su ga wasu rubuce-rubucenka. Iyakar adadin da aka yarda ka saka: 150. Mutane suka saki jiki, suka riƙa zuba abin da ba za su faɗa a fili ba. A watan Afrilun 2023 sai aka fara ganin irin waɗannan rubuce-rubucen suna bayyana a shafukan mutanen da ba sa cikin jerin. Bayan makonni kamfanin ya aika wa masu amfani da tsarin saƙon imel yana amsa cewa an samu matsalar tsaro. Ranar 31 ga Oktoban 2023, lokacin sunan kamfanin ya riga ya koma X, aka rufe Circle gaba ɗaya.